Waƙar Roscommon kan fassarar waƙoƙi

An Essay on Translated Verse doguwar waƙa ce ta Turanci wadda Wentworth Dillon, basaraken Roscommon ɗan ƙasar Ayalan, ya wallafa a Landan a shekarar 1684. Baitocinta 'yan ƙwar biyu ne masu amsa-amo. Jigonta shi ne yadda ake juya waƙoƙin Girkawa da Rumawa, irin na Homer da Virgil da Horace, zuwa Turanci.

A cikin waƙar, Dillon ya shawarci mai fassara da ya zaɓi mawaƙin da halinsu ya zo ɗaya. Ya kuma yi tir da batsa, wadda ta yi katutu a waƙoƙin fadar Sarki Charles II.

Mawaƙi John Dryden ya rubuta wa waƙar baitocin yabo. Bugu na biyu, na 1685, ya jinjina wa waƙar Paradise Lost ta John Milton.