Ƙyallen da Gara Ta Bari

A shekarar 1992 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wasu kaburburan sarauta a Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani ta jihar Katsina. Abin da ya fi jan ido shi ne zinariya da tagulla da duwatsun ado. Amma tare da su akwai ɓurɓushin tufa da fata da itace, waɗanda suka kwana ɗaruruwan shekaru a ƙasa. A yankin da gara ke cinye buhu cikin damina ɗaya, wannan ba ƙaramar sa'a ba ce.

Me mutum zai yi da ƙyallen da bai kai tafin hannu ba? Mutanen arewacin Turai sun nuna abin da za a iya.

A Mammen ta ƙasar Denmak an tono kabarin wani babban mutum a 1868, aka kuma gane daga katakon ɗakin kabarin cewa an binne shi wajen 970 ko 971, zamanin mayaƙan teku da ake kira Viking. A tashar jiragen ruwa ta Hedeby kuwa, tsummokaran da aka tsoma a kwalta don gyaran jirgi ne suka tsira, kwaltar ta hana su ruɓewa. Wasu ƙyallayen tsatsar ƙarfen maƙalar mayafi ce ta riƙe su. Masana sukan sa su a madubin ƙara girma, su ƙirga zare nawa ne a santimita ɗaya, su duba ko dama aka murza shi ko hagu, su gwada rinin. Daga 2018 gidan tarihin ƙasar Denmak ya haɗa kai da masu kaɗi da saƙa, suka sake saƙa irin yadin zamanin da gashin tunkiya, a kan irin masaƙar da ake rataya wa nauyi a ƙasa, suka kuma sake ɗinka tufafin mutumin Mammen. Wahalar ba a ƙirga take ba. Hannun da ya iya wannan kaɗin ya daɗe da ɓacewa a can, sai da aka sake koyonsa.

A nan ƙasar Hausa matsalar a juye take. Ƙyallen ne babu, hannun kuwa yana nan da sauransa.

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, ƙasar noman auduga, ba a rasa tsohuwar da ta yi gurza a kan dutse, ta shiɓe audugar da baka, ta dangwali alli a yatsa ta kaɗa mazari. Ita ta san bambancin abawa mai kauri da siririn zare mai ƙarfi da ake shimfiɗawa a tsaye, ta san wanda zai tsinke tun kafin ya kai masaƙa. Tsohon masaƙi kuma ya san nauyin dutsen da za a ɗora wa kunkuru don zare ya miƙe, da yadda ake jefa ƙoshiya ba tare da gefen ƙwarya ya tattare ba. Babu madubin da zai faɗi wannan.

Sana'ar ba ta 'yan kaɗan ba ce a da. Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ƙasar ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kayan raƙuma 300 daga ciki Tambutu suke nufa. Birni ya sha sunan, amma kaɗi da saƙa da rini a garuruwan karkara aka yi yawancinsu. Kura ta yi fice da turkuɗi mai sheƙi, wanda ake harhaɗawa da ƙwarya siririya da ba ta kai faɗin yatsu biyu ba. Gwado da luru su ne mayafin hunturu na talaka, alkyabbar mulufi kuwa ta hamada take zuwa, ta sarakuna ce.

Mai son ganin kakan gwado sai ya leƙa Mali. A kogunan dutsen Bandiyagara, inda bushewa ta hana ruɓa, masu bincike daga Holan sun kwaso riguna da huluna da mayafai na mutanen Tellem tun daga shekarun 1960, wasu na ƙarni na 11, wato dab da zamanin mutumin Mammen. Yawanci saƙar ƙwarya-ƙwarya ce ta auduga, fari da shuɗin baba, har da 'yan ƙananan zane masu kama da saƙi. Rita Bolland ta bi su zare bayan zare, ta fitar da littafi a kansu a 1991, da bayanin faɗin kowace ƙwarya da yadda aka jera launukanta, irin lissafin da masaƙin Gwarzo zai iya ɗorawa a kan masaƙarsa.