Daidaiton Kaurin Rodin Gini

Rodi sandar ƙarfe ce da ake samu ta hanyar gasa gungumen ƙarfe har ya yi jajir, zafinsa ya haura digiri 1,000, sannan a mulmule shi a inji har ya sirance. Irin aikin da aka kafa Kamfanin Mulmula Ƙarafa na Katsina dominsa ke nan a 1982. Ingancin rodi yana tattare da cikar awonsa: mai kaurin milimita 12 da tsawon mita 12 ya kamata ya kai kusan kilo 10.7 a sikeli.

Wasu magina kan ce ragin milimita ɗaya bai taka kara ya karya ba, tunda ƙarfe kan tsuke idan ya huce. Tsukewar gaskiya ce, amma masana'anta takan lissafa ta tun kafin mulmula, kuma ƙa'ida ɗan sassauci kawai ta yarda da shi. Rodin da ya sauka daga milimita 12 zuwa 11 ya rasa kusan kashi 16 cikin ɗari na ƙarfensa, alhali nauyin ginin da zai ɗauka bai ragu ba. Don haka mai gini ya auna rodi, ya ɗora shi a sikeli kafin ya biya.