Fasfo da Biza a Bakin Teku: Yadda Iyakar Ƙasa ta Koma Ƙofar Jirgi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jiragen ruwa ranar da wani babban jirgin yawon shaƙatawa zai tashi, lalle ya ga abin da ake yi a bakin matakala. Ma'aikacin kamfani yana karɓar fasfo ɗaya bayan ɗaya, yana duba ranar ƙarewarsa, yana kuma ƙirga bizar ƙasashen da jirgin zai yada zango a cikinsu. Wanda takardunsa ba su cika ba sai a ce ya koma gefe, ko da kuwa ya biya kuɗin tafiya cif, kuma galibi ba a mayar masa da ko sisin kwabo. Abin lura a nan shi ne, wannan ma'aikaci ba jami'in wata gwamnati ba ne, ƙasashen da yake tsare wa iyaka kuma suna can nesa, tafiyar kwana da kwanaki. Manufar wannan lacca ita ce bin sawun yadda aka yi iyakar ƙasa ta taso daga gaɓar da ake sauka ta dawo gaɓar da ake hawa, da kuma mutanen da wannan canji ya fi shafa.

Zamanin da ba a cika tambayar fasfo ba

Takardar izinin wucewa tsohuwar aba ce. A Ingila an ambace ta cikin wata doka ta shekarar 1414, zamanin Sarki Henry na Biyar. Amma daga wajejen 1860, da jiragen ƙasa da jiragen ruwa masu amfani da tururi suka yawaita, sai yawancin ƙasashen yammacin Turai suka ga ba za su iya bin kowane matafiyi da bincike ba, suka sassauta. Rasha da Daular Turkawa ta Istambul su ne manyan da suka riƙe tsohon tsari. Don haka a ƙarshen ƙarni na 19 mutum kan iya tashi daga Landan ya ƙetare Tekun Atlantika ba tare da fasfo ba.

Wannan 'yanci kuwa bai kai kan kowa ba. A shekarar 1892 Amurka ta buɗe wurin tace baƙi a tsibirin Ellis, kusa da New York, inda kimanin mutum miliyan 12 suka ratsa kafin a rufe shi a 1954. Fasinjojin aji na ɗaya da na biyu ana duba su sama-sama a cikin jirgi su wuce abinsu. Talakawan da ke can ƙasan jirgi su ake kwasa a kai tsibirin, likita ya duba idanunsu, akawu ya yi musu tambayoyi. Kusan biyu cikin ɗari aka riƙa mayarwa. Dokar Amurka ta 1891 kuma ta ce kamfanin da ya kawo wanda aka ƙi karɓa, shi zai mayar da shi da kuɗinsa.

 Tun da asara ta koma wuyan kamfanoni, sai suka fara tace fasinjoji tun a tashar Turai. Kamfanin Hamburg-Amerika na Jamus, a ƙarƙashin Albert Ballin, ya buɗe manyan ɗakunan saukar masu ƙaura a Hamburg a 1901, inda ake yi musu wanka da binciken likita kafin su taka jirgi. Shi dai wannan Ballin shi ne a 1891 ya aika da jirgin Augusta Victoria yawon kusan wata biyu a Bahar Rum, ɗauke da masu hannu da shuni, tafiyar da ake lissafawa cikin na farko-farkon yawon shaƙatawa a teku. Kamfani ɗaya ke nan, da fasinjoji iri biyu: waɗanda ake yi wa maraba da waɗanda ake tacewa.

Alhazai a Bahar Maliya

Irin wannan rarrabewa ta bayyana a hanyar Makka tun kafin Amurka ta buɗe tsibirin Ellis. A shekarar 1865 annobar kwalara ta ɓarke a lokacin aikin Hajji, ta hallaka alhazai wajen 15,000, sannan ta bi jiragen ruwa zuwa Masar, daga can ta shiga Turai. A 1866 ƙasashe suka yi taron lafiya a Istambul, a 1882 kuma aka fara killace alhazan da ke zuwa daga Indiya da tsibiran Gabas a tsibirin Kamaran, kudancin Bahar Maliya. Taron Faris na 1926 ya ƙara tsaurara ƙa'idojin jiragen alhazai. Ta haka takardar shaidar lafiya da tikitin komowa suka zama sharaɗin hawa jirgi.

Mutanen ƙasar Hausa da Barno da ke bin hanyar gabas a ƙasa, su shekara suna tafiya suna ƙodago a Sudan, sun ci karo da wannan tsari a Sawakin. Hukumar Ingilishi ta Sudan ta bukaci maniyyaci ya riƙe takardar tafiya, a yi masa rigakafi, a killace shi, ya kuma biya kuɗin jirgi har da na komowa. Wanda guzurinsa bai kai ba sai ya zarce kudu zuwa Masawa, a ƙasar Iritiriya da Italiya ke mulki, ya shiga ƙananan jiragen Larabawa da iska ke korawa, a sauke shi da dare a wata gaɓa nesa da Jidda. Da yawa sun faɗa hannun 'yan damfara da masu cinikin bayi a wannan hanya. A cikin wannan zamani ne, a 1921, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi Hajji ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila, hukuma na share masa hanya. Ɗaki ɗaya suka nufa da Takari mai tafiya a ƙasa, amma ƙofar da aka buɗe wa kowannensu daban take.

Yaƙi ya haifi littafin fasfo

Kafin Yaƙin Duniya na Farko ƙasashe kan fake da wasu dabaru in suna son hana wani jinsi shiga. A 1908 Kanada ta kafa dokar cewa baƙo sai ya zo kai tsaye daga ƙasarsa ba tare da yanke tafiya ba, alhali babu jirgin da ke yin irin wannan tafiya daga Indiya. A watan Mayu na 1914 jirgin Komagata Maru ya iso Bankuba da fasinjoji 376 'yan Indiya, talakawan Sarkin Ingila kamar yadda mutanen Kanada suke. Wata biyu jirgin ya yi a bakin tasha, aka bar 'yan kaɗan suka sauka, aka kori sauran. Da suka isa kusa da Kalkata aka yi arangama da 'yan sanda, mutum kusan 20 suka mutu.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta na wannan shekara, tsoron 'yan leƙen asiri ya sa ƙasashe suka maido da fasfo, aka kuma soma manna masa hoto. An ce matakin wucin gadi ne, amma da yaƙi ya ƙare ba wanda ya janye shi. A watan Oktoba na 1920 Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kira taro a Faris, aka amince da fasfo mai siffar ɗan littafi, shafi 32, a rubuce da harshen ƙasa da Faransanci. A 1922 kuma aka fito da takardar Nansen domin 'yan gudun hijirar da ba su da ƙasar da za ta ba su fasfo.

Dokar shige da fice ta Amurka ta 1924 ita ce ta kammala juyin. Ta ce duk mai ƙaura sai ya sami biza daga ofishin ƙaramin jakadan Amurka da ke ƙasarsa kafin ya hau jirgi, kamfanin da ya ɗauko wanda ba shi da ita kuma za a ci shi tarar dala 1,000 a kan kowane mutum. Daga nan aikin tsibirin Ellis ya ragu ƙwarai, domin tacewar ta riga ta koma tsallaken teku.

Jirgin St. Louis

Babu labarin da ya nuna nauyin wannan takarda kamar na St. Louis, jirgin kamfanin Hamburg-Amerika da aka saba kai masu yawon shaƙatawa da shi. Ran 13 ga Mayu, 1939, ya tashi daga Hamburg da fasinjoji 937, kusan dukansu Yahudawa masu guje wa mulkin Hitler. Yawancinsu sun sayi takardar sauka a Kyuba irin ta 'yan yawon buɗe ido, da niyyar su jira bizar Amurka a can. Ba su sani ba, gwamnatin Kyuba ta soke waɗannan takardu 'yan kwanaki kafin su tashi. A Habana ƙasa da mutum 30 aka bari suka sauka. Amurka ta ƙi karɓarsu, Kanada ma haka. Kyaftin ɗin jirgin, Gustav Schröder, ya juyo da su Turai, inda Ingila da Faransa da Beljiyam da Holan suka raba su. Ba a daɗe ba Jamus ta mamaye uku daga cikin ƙasashen nan, aka hallaka 254 daga cikin fasinjojin. Sai a 2016 Firayim Ministan Kanada ya nemi gafara a majalisa kan Komagata Maru, a 2018 kuma kan St. Louis.

Zamanin yawon shaƙatawa

Daga wajejen 1958 jirgin sama ya ƙwace wa jirgin ruwa yawancin masu ƙetare Atlantika, kamfanoni suka koma ga yawon shaƙatawa. Tashoshi na son kuɗin waɗannan baƙi, saboda haka aka shiga sassauci. Yarjejeniyar sauƙaƙa zirga-zirgar jiragen ruwa da aka sa wa hannu a Landan a 1965 ta rage yawan takardun da tasha za ta nema daga jirgi. Tun 2009 Ba'amurken da zai tashi daga wata tashar Amurka ya komo ita ɗin, yana iya tafiya wurare da dama a yankin Karebiyan da takardar haihuwa da katin shaida kawai. A 2024 ƙasar Sin ta yarda ayarin 'yan yawo da suka zo ta irin waɗannan jirage su zauna har kwana 15 ba biza.

Amma mai riƙe da fasfon Nijeriya ko Nijar, in zai hau jirgi a Basilona ya zaga Bahar Rum, dole ya nemi bizar ƙasashen Shengen tun daga gida. In jirgin zai fita zuwa Turkiyya ya komo Girka, sai bizar ta kasance mai izinin shiga fiye da sau ɗaya, ya kuma cika sharuɗɗan Turkiyya daban. Kamfanoni da yawa na bukatar fasfo ya rage aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, kuma sukan nemi bizar kowace tasha ko da fasinja ya rantse ba zai sauka ba, domin dai har yanzu su ake ci tara.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa gwamnatoci sun gano hanya mai sauƙi ta tsare iyaka, wato ɗora wa mai jirgi alhakin wanda ya ɗauko. Sakamakon haka, hukuncin da zai iya zama na rai da mutuwa ana yanke shi a wurin da matafiyi ba shi da alƙalin da zai kai wa ƙara. Ɗalibin tarihi ya kamata ya tuna cewa fasfo a siffarsa ta yanzu bai fi shekara ɗari da 'yan kai ba, kuma mutane ne suka tsara shi don bukatun zamaninsu. Ma'aikacin gwamnati kuwa, wanda hatimi ke hannunsa, ya kamata ya tuna cewa takardun mutanen St. Louis a wani ofis aka buga su, a wani ofis kuma aka soke su.