Tarihin Motar Gas a Indiya: Daga Hukuncin Kotu zuwa Garejin Gida

Tun a shekarun 1930 aka fara tafiyar da mota da iskar gas a Italiya, a kwarin kogin Po, inda gas ke da yawa amma fetur ya yi ƙaranci. Ana matse iskar ne a cikin tukunyar ƙarfe mai kauri har ƙarfinta ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 200. Ita ce ake kira CNG. A Indiya kuwa sai a farkon shekarun 1990 kamfanin gas na gwamnati, GAIL, ya fara gwada ta a Delhi da Mumbai da Baroda, kuma direbobi ba su yi rububinta ba.

Hayaƙi ne ya sauya lamarin. A 1985 lauya M.C. Mehta ya kai ƙara Kotun Ƙoli kan gurɓatar iskar Delhi. Shari'ar ta daɗe, sai ranar 28 ga Yuli, 1998, kotun ta umarci a mayar da dukkan bas-bas na birnin su koma gas kafin ƙarshen Maris 2001, tsofaffin tasi da kekuna masu ƙafa uku kuma, irin waɗanda ake kira adaidaita sahu a Kano, a maye gurbinsu da sababbi masu aiki da tsaftataccen makamashi irin su gas. A 1998 ɗin ce aka kafa kamfanin Indraprastha Gas domin ya buɗe gidajen sayar da gas. Da wa'adin ya cika, gidajen ba su wadata ba. Masu kekuna suka riƙa kwana a layi, masu bas suka yi ta yajin aiki. Kotu ba ta sassauta ba, a 2002 ma ta sa tarar kullum a kan kowace bas mai dizal. Kafin shekarar ta ƙare, bas-bas na haya na Delhi sun koma gas.

Masu motocin gida ba kotu ce ta tilasta musu ba, araha ce ta ja su. Da farko bakanike ne yake ɗaura wa mota tukunya a but, ya ja bututu zuwa injin. Aikin yakan yi kyau, yakan kuma ɓaci, ga shi kamfanin da ya ƙera motar yakan janye garantinsa. A 2010 Maruti Suzuki ya fito da motoci irin su Alto da WagonR da tukunyarsu tun daga masana'anta, mutane suka samu natsuwa.

Duk da haka mai motar gas yana da nasa haƙurin. Tukunya mai lita 60 ba ta ɗaukar fiye da kilo takwas zuwa tara, kuma takan cinye but ɗin har a rasa inda za a sa akwati. A gidan gas da kilo ake sayarwa, kuma sai an kashe injin, kowa ya sauko, kafin a jona tiyo. Idan layi ya yi tsawo ƙarfin famfo yakan ragu, tukunya ta ƙi cika. A kan tudu kuma motar ba ta kai mai fetur ƙwari.

Saura matsalar giya. Har zuwa farkon 2024, motocin gas da suka fito daga masana'anta duk masu kuloci ne, alhali cunkoson Delhi da Mumbai yana gajiyar da ƙafa. A 2014 Maruti ya shigo da giyar AMT a motar Celerio mai fetur. Giyar hannu ce da aka sa wa na'ura mai taka kuloci da canza giya da kanta, shi ya sa ba ta da tsada. Kamfanin Tata ne ya haɗa ta da gas. Kafin nan, a 2023, ya raba babbar tukunyar gida biyu ya kwantar da su a ƙarƙashin but na motar Altroz, wurin kaya ya dawo. A Fabrairun 2024 kuma ya fitar da Tiago da Tigor, motocin gas na farko masu canza giya da kansu daga masana'anta a ƙasar.

Har yanzu kowace irin wannan mota tana da tankin fetur, domin gidajen gas sun fi yawa a birane da manyan hanyoyi. Doka kuma ta wajabta a kai tukunyar gwajin ƙarfi duk bayan shekara uku.