Fatar kan sandar biliyad

Fatar kan sanda wani ɗan ƙaramin yanki ne na fata da ake liƙawa a bakin sandar da ake buga wasan biliyad ko sunuka da ita. Shi ne kaɗai ɓangaren sandar da ke taɓa ƙwallo. Aikinsa shi ne riƙe allin da ake shafa masa, domin kada sandar ta zame idan an bugi ƙwallo a gefe ko a ƙasa don a sa ta juyawa.

Tarihi

Ana danganta ƙirƙirar fatar kan sanda da François Mingaud, wani hafsan sojan Faransa, a wajajen shekarar 1807. Kafin lokacin, bakin sandar katako ne tsura, don haka sai a tsakiya kawai ake iya bugun ƙwallo ba tare da zamewa ba. A shekarar 1897 William Spinks da William Hoskins suka yi rajistar allin biliyad na zamani a Amurka.

Ire-ire

Akwai fata mai hawa ɗaya, wadda ake yankowa daga fata guda a matse ta. Elk Master da Triangle, na kamfanin Tweeten da ke Chicago, suna cikin wannan rukuni. Suna da araha, amma taurinsu kan bambanta ko da a kwali ɗaya suka fito.

Fata mai hawa-hawa kuwa ana yin ta ne da siraran yanka da yawa da aka jera aka haɗa da gam. Kamfanonin Moori da Kamui na Japan sun shahara da ita, kuma galibi fatar alade ake amfani da ita. Wannan tsari yana sa taurinta ya zama daidai, ta kuma daɗe ba ta baje ba. Sai dai ta fi tsada, kuma hawan yana iya rabuwa idan aka huda ta ko aka goge ta da ƙarfi.

Yadda ake zaɓa

Abu na farko shi ne tauri. Fata mai laushi tana riƙe alli sosai, amma tana saurin bajewa da cinyewa. Mai tauri tana jimawa, sai dai samanta kan yi santsi, wanda ke jawo zamewa idan ba a karce ta ba. Shi ya sa ake yawan ba masu koyo shawarar farawa da matsakaiciya.

Na biyu shi ne faɗi. Sandar sunuka tana ɗaukar fata mai kimanin milimita 9 zuwa 10, ta biliyad irin na Amurka kuma milimita 12 zuwa 13. Akan sayi wadda ta ɗan fi bakin sandar faɗi, a liƙa, sannan a datse gefen.

Kulawa

Ana gyara saman fatar da samfefa ya yi ɗan tudu, ana gogawa daga tsakiya zuwa gefe don kada hawan ya ɗaye. Idan ta cinye ta kusa kai wa zoben da ke ƙarƙashinta, sai a canza ta, domin ci gaba da bugu na iya fasa zoben ko bakin sandar.