Doka A Takarda, Kuɗi A Ina? Tarihin Gyaran Kangararrun Yara A Ƙasar Birnin Kudu Da Gwaram



'Yan'uwa matasa, a ce yau an kama yaro ɗan shekara 15 ya saci waya a kasuwar Sara ko a tashar motar Birnin Kudu, ina za a kai shi? In ya fito kuma, wa ke jiransa? Amsar tana cikin tarihi, don haka sai mu koma baya kaɗan.

A zamanin En'e, Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a ƙarƙashin Masarautar Kano. Yaro in ya yi ɓarna, maganar kan tsaya ne a zauren mai unguwa ko dagaci. Sai ta yi tsanani take kai wa ga hakimi ko alƙali. Fiƙihun Malikiyya da alƙalai ke aiki da shi ba ya tsayar da haddi a kan wanda bai balaga ba, kuma in alamun balaga ba su bayyana ba, sanannen ƙauli shi ne a jira shekara 18. Abin da ke kansa shi ne ladabtarwa da biyan abin da ya ɓata. Tsarin bai rasa aibi ba, domin bulala kan wuce kima, ɗan talaka kuma ya fi shan ta. Amma yaron yana komawa hannun waɗanda suka san shi.

Daga nan gwamnati ta fara karɓar wannan nauyi. Turawa sun yi dokar yara da matasa a Legas a 1943, Jihar Arewa ta yi tata a 1958. Kundin Penal Code da ya fara aiki a 1960 ya ce babu laifi a kan wanda bai kai shekara 7 ba. A 1962 aka buɗe makarantar horon matasa masu laifi a Kaduna, don 'yan shekara 16 zuwa 21 su koyi karatu da sana'a. A 1968 kuma gidajen yarin En'e suka koma hannun gwamnatin tarayya.

To, a nan gizo ke saƙar. An karɓi yaron daga hannun unguwa, amma ba a ware kuɗin riƙonsa ba. Har aka shiga 2019, irin wannan makaranta uku ce kacal a duk Nijeriya: Kaduna, Ilorin da Abeokuta. Uwar da ke Gwaram, in ɗanta na Kaduna, sai ta bi ta Kano da Zariya kafin ta gan shi. Wanda bai samu gurbi ba kuwa sau da yawa tare da manyan ɓarayi ake kulle shi. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: ya shiga da satar kaza, ya fito da ilimin fasa shago.

Da iyaye suka rasa mafita, sai wasu suka rungumi gidajen mari. Abin da aka gani a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sasari a ƙafa, sannan aka sake ganin irinsa a Daura, ya isa wa'azi.

Dokoki dai ba mu rasa ba. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana haɗa yara da manya, ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ta samu dokar kare yara a Disambar 2021. Gyaran tsarin mulki na 2023 kuwa ya bai wa jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali, don haka uzurin cewa aikin Abuja ne ya faɗi.

Saura kuɗi, da sanin inda za a zuba su. Katanga ba ta gyara yaro. Abin da ke hana shi komawa laifi shi ne malamin sana'a, da jami'in walwala mai babur da man zuwa ƙauye, da kayan aikin da zai riƙe ranar sallama, da maigidan da zai karɓe shi. Birnin Kudu na da gonar gidan yari ta tarayya. Ke nan tunanin gyara mutum ta hanyar aiki ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ya ku matasa, duk shekara ana kai kasafin kuɗi gaban majalisa a Dutse. Ku tambayi wakilanku: nawa aka ware wa yaran nan, nawa aka saki? Yaron da muka yar yau, gobe a unguwarmu zai kwana.

Allah Ya shirya mana zuriya. Wassalam.