PZ: Inda Zariya Ta Koyi Cin Abinci a Waje

A birnin Zazzau na da, magidanci ba ya zama cin abinci a kasuwa. Tuwon dare daga cikin gida yake fitowa, yaro ya ɗauko akushi ya kai zaure, maƙwabta su haɗa kwanukansu a yi ciyayya. Wanda aka gani tsugune gaban mai tuwo-tuwo, ko dai gwauro ne, ko matafiyi, ko kuma a fara raɗe-raɗin cewa gidansa ba lafiya. Baƙon kirki yana da mai masauki, shi zai ci da shi har ranar da zai kama hanya. Don haka mai neman asalin gidajen cin abinci a Zariya sai ya fita daga ganuwa, ya wuce Tudun Wada, ya haye gadar Kubanni, ya tsaya a wurin da yau kowane ɗan acaɓa da mai keke napep ke kira PZ.

Jirgin ƙasa ne ya kafa wurin. Turawa sun kama Zariya a 1902, bayan 'yan shekaru aka soma shimfiɗa dogo daga Baro, ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911. Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, har waƙa ya rubuta a kan wannan aiki, Waƙar Diga. Ba a kafa tasha kusa da fada ba, sai can hayin kogi, a fili. Daga baya aka ja ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, aka kuma ja wani ta Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, Zariya ta zama mararraba. Kamfanonin Turawa suka jera kantuna da rumbuna a gefen dogo, suna sayen auduga da gyaɗa da fatu, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir da sabulu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Paterson Zochonis, wanda George Paterson ɗan Sikotilan da George Zochonis ɗan Girka suka fara a Firitawun ta Saliyo a 1879, ya shigo Najeriya a 1899. Shi ne ya bar wa unguwar suna. Har yau akwai titi a wajen mai suna Manchester Road, sunan garin da hedikwatar kamfanin take.

Dogo da kantuna suna buƙatar ma'aikata, ga su nan kuwa suka zo: akawuna daga Saliyo da Gwalkwas, Yarbawa da Ibo masu aikin tasha da gyaran inji, malaman awo, da ɗimbin leburori Hausawa daga ƙauyuka masu dakon buhuna. An yanka wa mutanen kudu filaye a Sabon Gari. Yawancinsu samari ne, ko magidanta da suka baro iyali a gida, ba mai dafa musu. Matan Yarbawa da Nufawa da Hausawa suka kafa murhu a bakin tasha da bakin kasuwa, wannan tana tuƙa amala, waccan tana kirɓa sakwara, ga mai waina, ga mai koko da ƙosai tun asuba. A nan ne karon farko mutum mai albashi da mutunci ya zauna a benci ya sayi abinci ba tare da an yi masa kallon marar galihu ba.

Sai dai ba kowa ke zama inda ya ga dama ba. Tsarin Gwamna Lugga ya ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Bature yana da kulob ɗinsa a unguwarsa ta GRA, da gidan saukar baƙi na gwamnati inda kuku ke dafa masa abinci irin na Ingila, boyi cikin farin kaya yana kai wa tebur. Bahaushe yana shiga waɗannan wurare ne ta ƙofar baya, a matsayin kuku ko mai wanki. Sai da aka yi abin kunya a otal ɗin Bristol na Legas a 1947, inda aka hana wani babban jami'i baƙar fata daga Landan, Ivor Cummings, ɗaki, sannan Gwamna Arthur Richards ya haramta wariyar launi a otal-otal da wuraren jama'a.

Giya ma doka ce ta zana mata iyaka. Dokar giya ta 1917 ta sa Arewa cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai, amma aka sassauta wa Turawa da baƙin da ke zaune a garuruwan bakin dogo. Sakamakon haka mashaya ta tattara a Sabon Gari, kusa da masu burkutu da fito da suka daɗe da sana'arsu. Kamfanin giya na Najeriya ya fitar da giyar Star a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, kwalba ta yi arha ta yi kusa. Ga sojoji a bariki, domin tun 1924 ake horar da kurata a Zariya, ga ma'aikatan dogo da na kamfanin taba da na gurzar auduga, kowa na jiran ƙarshen wata. Otal na wancan zamani tsakar gida ce mai ɗakuna a kewaye, da kujerun ƙarfe, da farfesun kan akuya, da makaɗa a ƙarshen mako. Samarin birni ma sukan sulale su haye gada da dare su dawo kafin assalatu, malamai kuwa ba su gaji da wa'azi a kai ba.

A ganina wannan haɗa abinci da giya da ɗakin kwana a rufi guda shi ne ya jinkirta al'adar cin abinci a waje a tsakanin Hausawan Zariya har tsawon shekaru. Sunan otal ya ɓaci, ta yadda dattijo ko da ruwan sanyi yake nema ba zai yarda a gan shi yana fitowa daga ciki ba, balle ya kai matarsa. Kuma duk ranar da gari ya rikice, waɗannan wurare ke fara ɗanɗana. A 1966 Sabon Gari ta ga kisa da gudun hijira. A watan Maris na 1987, da rikicin Kafanchan ya bazu, an ƙone coci-coci da otal-otal da mashaya a Zariya. Mutanen da aka yi wa wannan ɓarna maƙwabta ne, wasunsu a nan aka haife su, Hausa ce a bakinsu, kuma babu dalilin da zai halatta ƙona wa mutum hanyar abincinsa.

Unguwar Samaru kuwa, nata labarin na makaranta ne. An kafa tashar binciken aikin gona a can a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a watan Oktoban 1962, malamai suka zo daga Ingila da Indiya da Gana da sauran duniya, suna haɗuwa da yamma a kulob ɗin manyan ma'aikata. Ɗalibai kuwa jami'a ke ci da su, da tikiti, sau uku a rana. Abincin nan ba ƙaramin abu ba ne a siyasar ƙasa. A 1978, da gwamnatin soja ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin yini, ɗalibai suka tashi suna neman a cire kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali, sojoji suka harbe ɗalibai a Samaru. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin gaba ɗaya. Dubban matasa suka wayi gari sai sun nemi abin da za su ci da kansu, sai rumfunan masu abinci suka cika bakin ƙofofin jami'a da lungunan Samaru. Mai shayi ya zama sarkin dare: tebur da jerin gwangwanayen madara da burodi, risho yana huci, yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, yana tambaya ko ƙwai nawa za a fasa a kan indomi.

Wanda ya karya camfin cin abinci a waje a wajen Bahaushe, a iya fahimtata, shi ne gidan abinci irin na Shagalinku, wanda ya taso a Zariya har ya kai Abuja. Dabarar ba ta da wuya, amma sai da wani ya gwada ta: abincin gida, a wuri mai tsabta, ba giya. Tuwon shinkafa da miyar taushe, miyar kuka da man shanu, farfesun kayan ciki, fura da nono mai sanyi, ga buta da wurin salla. Alhaji da babbar rigarsa zai shigo ya zauna ya ci da hannu, ya haɗu da farfesa da direban tirela, ba wanda zai ɗaga ido ya dube shi.

Yau idan ka tsaya a PZ bayan magariba, bankuna sun rufe, janareto na ruri, za ka ga gidajen abinci masu ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, ana jera soyayyiyar shinkafa da kaza da shawarma da askirim a bayan kanta. Saurayi ya kawo budurwa da ƙawarta, magidanci ya kawo yara ranar Salla, mata cikin hijabi sun haɗa tebur suna bikin kammala karatu. A bakin titi mai tsire yana juya tsinke a tukuba, yana yanka albasa a kan takarda, yana cewa "ranka ya daɗe, ɗanɗana wannan", sannan ya miƙo na'urar POS. Mashaya na nan a lungunan Sabon Gari da wajen bariki, ita da gidan abinci kowa ya kama gabansa. Yayin zama a saman bene a buɗe, irin na Legas da Abuja, yana da wuyar yaɗuwa cikin unguwannin Hausawa, domin wanda ya hau sama yana hango tsakar gidan maƙwabci da matan aure, hunturun Zariya kuma ba ya wasa.

Jirgin da ya tara jama'ar farko ya yi sanyi, rumbunan auduga sun zama shaguna. Yanzu ɗalibai da malaman jami'a da 'yan kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan da sojoji da ma'aikatan banki ke riƙe da cinikin. Shi ya sa yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya zama bala'i ga masu abinci daga Samaru har Kwangila da PZ. Mata da yawa sun kife tukwane, sun sallami 'yan matan da ke yi musu wanke-wanke, masu kawo musu itace da kayan miya daga ƙauyukan Giwa da Shika su ma suka rasa masu saye har aka buɗe makaranta.